Bitirut da Ƙwayoyin Sebastian

Talata, 3 ga Yuni, 2025

An sallamo mu daga asibiti. Sebastian yana ɗaki yana hutawa, ni na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauko wannan littafin, ragowar na shirya darasi ne.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko zai fita daga kaina. Asabar da safe yana shan shayi, zai tafi shagonsu na walda a Chikaji, nan Zariya. Yana ba ni labarin wata ƙofa da za su kai Muchia, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa. Na buɗe baki zan yi faɗa, ina ɗaga kai na ga bakinsa ya karkace. Yana so ya ce "Scholastica", sunan ya ƙi fita, sai wani sauti kamar na mai tauna tuwo da zafi. Shekararmu ashirin da uku da aure, ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar.

Malam Umaru, mijin maƙwabciyata Zubaidatu, shi ya kai mu a motarsa. Kafin mu isa bakin ya fara komawa daidai. Likita ta ce ƙaramin shanyewar jiki ne, irin wanda yake zuwa ya wuce, amma gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya. Jininsa ya hau ɗari biyu da biyar. Ƙwaya uku kullum, har iya rayuwa. A rage gishiri, a rage magi, ya huta daga aiki.

Babana haka ya fara a Zonkwa. Na biyun ne ya kwantar da shi. Shekara huɗu a tabarma muna juya shi. Ban faɗa wa likita ba, me zai ƙara.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na koma makaranta. Sau bakwai na kira shi kafin a tashi. A na bakwai ya ce, "Maman Peculiar, ban mutu ba. Ki koyar da 'ya'yan mutane."

Peculiar kuwa mun ce mata zazzaɓi ne. Tana Jos, jarrabawar ƙarshe a gabanta. Allah ya gafarta mini ƙaryar.

Asabar, 7 ga Yuni

Zubaidatu ta shigo da naman layya, soyayye, cike da kwano kamar kowace shekara. Sai da ta ajiye ta tuna, ta dafe baki. Sebastian ya bi kwanon da kallo har na kai shi kicin. Tsoka ɗaya na ba shi, na wanke ta da ruwan zafi tukuna. Ya ce ya ci katifa.

A kicin ta rage murya ta ce in nemi bitirut. Wai kamar dankali yake, amma ja wur, har cikinsa. Malam Umaru yana shan ruwansa tun bara, shi ma yana da hawan jini. "A kasuwar Samaru ba kullum ake samu ba, ki je Sabon Gari, layin masu kabeji. Ki tambayi Iya Kehinde."

Ko ƙasa aka ce in jiƙa masa a yanzu zan jiƙa.

Talata, 10 ga Yuni

Ya yi hamma, bakinsa ya ɗan karkace kamar na kowane mai hamma. Na yar da tsintsiya na yi kansa da gudu. Ya daɗe yana kallona.

Asabar, 14 ga Yuni

Na je Sabon Gari. An yi ruwa da safe, kasuwa duk taɓo, takalmina ɗaya ya tsinke. Iya Kehinde tsohuwa ce, a Zariya aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa. Ta ce daga Jos ake kawo mata. Ta zaɓar mini guda shida masu tauri, ta ce wanda ya yi laushi ya kwana biyu, kada in yarda kowa ya sayar mini. Ganyen ma ta hana a yanke. "Ki sa a miya kamar alayyahu, 'yata. Mutane suna zubar da rabin kuɗinsu ba su sani ba."

Ta tambaye ni wa ba shi da lafiya. Ban san fuskata tana nunawa haka ba. Na ce maigida. Ta ƙara mini ƙarami ɗaya gyara, ta ce Allah ya tashi kafaɗarsa.

A bas ɗin dawowa na rungume ledar a cinya kamar wani zai ƙwace.

Lahadi, 15 ga Yuni

Bayan coci na fere biyu. Hannuna ya koma kamar na wadda ta yanka kaza, katakon yanka ma ya rine. Babu wuta, sai na goga a abin goga kuɓewa, na zuba ruwa na tace da ƙyalle.

Ya kurɓa ɗaya ya ajiye. "Wannan ai ƙasar gona ce bayan ruwan farko." Na ɗanɗana, gaskiyarsa ne. Na ƙara ɗanyar citta da abarba da ɗan lemon tsami. Ya shanye yana yamutsa fuska.

Ni ba zan riƙa sha ba. Nasa ne, bai kai a raba biyu ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Mun je kemis ɗin bakin titi an gwada. Ɗari da arba'in da takwas! Na kusa rawa a gaban mutane. A hanya na ce masa, "Ka ga aikin bitirut? Wata rana shi zai raba ka da ƙwayoyin nan." Ya ce, "Kin ce?" Na ce na ce.

Yau na ci abinci har na ƙara.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na fara gane kan bitirut ɗin nan. In an dafa shi da bawonsa, ƙamshin ƙasar yana raguwa, zaƙinsa ya fito, bawon kuma da yatsa ake murje shi. Na yanka a kan kabeji da karas da dafaffen ƙwai. Ganyen na zuba a faten acca, da daddawa mai yawa saboda rashin magi. Na jefa rabi a miyar tumatir, ta yi ja kamar na zuba tumatirin gwangwani uku. Ranar Juma'a na sa a zoɓo na aika wa Zubaidatu, Raihana 'yarta ta dawo da jug ɗin tana tambaya ko da saura.

Sebastian ya ce in ƙara masa kofi ɗaya da yamma. Shi da yake cewa ƙasar gona. Na ji daɗi.

Laraba, 25 ga Yuni

Ya yi shiru kwana biyun nan. Yana zama a baranda, rediyo a kunne amma ba ya saurare. Abdulrahim abokin aikinsa ya zo gaishe shi, da ƙyar ya yi masa hira.

Na ce mu je kemis. Ya ce ya riga ya je ina makaranta, ɗari da arba'in.

Litinin, 30 ga Yuni

Ciwon kai, a ƙeya. Ya ce rana ce. Yau ko rana ba a yi ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Yesu ka taimake ni.

Famfo bai kawo ruwa ba. Ya fito daga bayi da safe ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya, ni ban san bai kora ba na shiga. Ja. Ba ja sosai ba, kamar ruwan da aka wanke nama. Na tsaya ina kallo. Da na ji tafiyarsa na fito da sauri na shige kicin, na kama wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bitirut ya faɗo mini a rai, ba zan ce bai faɗo ba. Amma shekara nawa muna shan zoɓo a gidan nan, wa ya taɓa yin jan fitsari?

A makaranta lokacin hutun tara na duba a waya, jini a fitsarin namiji mai shekara hamsin da biyu. Da ban duba ba. Ƙoda. Mafitsara. Da ɗayar kalmar, ba zan rubuta ta ba. Na koma aji huɗu na rubuta lissafi a allo, yara suka ce, "Malama, jiya mun yi wannan."

Alhamis, 3 ga Yuli

Ban tambaye shi ba. In na tambaya jininsa ya hau fa? In ban tambaya ba fa?

Ya sani. Shi ya sa yake riga ni kora ruwa kullum, shi da sai na yi magana sau uku. Tun yaushe?

Na ba shi kofinsa na safe, na ba shi ƙwayoyinsa a tafin hannu. Ya ce na gode. Muna ta yi wa juna ladabi kamar baƙi.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na tsaya a coci a hanyar dawowa, ba kowa sai mai shara. Na durƙusa na kasa haɗa addu'a. Abin da nake ta faɗa kawai, ba yanzu ba, ba yanzu ba.

Peculiar ta kira tana murna saura takarda biyu. Ta ce muryata ta canja. Na ce alli ne.

Lahadi, 6 ga Yuli

A asibiti nake rubuta wannan, a kan benci, littafin a gwiwa.

Jiya ina tattara wanki na ɗauko tsohuwar rigar aikinsa da take rataye bayan ƙofa, wadda bai sa ba tun da ya kwanta. Aljihun ya yi nauyi. Ƙullin leda. Na kwance a kan gado, ƙwayoyi ne, farare da masu ruwan ɗorawa. Na ƙirga. Arba'in da biyar. Kwana goma sha biyar kenan ina zuba masa a hannu, yana kai hannu baki, yana kurɓar ruwa a gabana.

Ban san na iya ihu haka ba. Na same shi a baranda na zube masa su a cinya. Na ce so kake ka kwanta kamar Babana? So kake in juya ka shekara huɗu? Na faɗi wasu abubuwan da ba zan so Peculiar ta ji ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jini nake fitsarwa, Scholastica."

Na ce na gani.

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya fara magana, yana kallon hannuwansa. Wai tun kwana biyu da fara shan bitirut ya ga abin. A shagonsu an sha faɗa cewa maganin hawan jini yana cinye ƙoda, wani mai fenti da suka sani yana can ana wanke masa jini duk mako. Sai ya ce to ƙwayoyin ne suka fara cin tasa. Washegarin ranar da muka je kemis ya daina. Ya ƙara bitirut, tunda ni da bakina na ce shi zai raba shi da su. Jan bai tsaya ba, ya ma ƙaru. Sai ya ɗauka ya makara. Kemis kuwa bai sake zuwa ba, lambar da ya ba ni daga kansa ya ƙirƙiro.

"Na ga kin fara cin abinci," ya ce. "Ban so in mayar da ke baya ba."

Na ce tashi. Ya ce a bari sai Litinin. Na ce wallahi ko a bayana zan goya ka. Ban ko ɗaura ɗankwali ba na buga ƙofar Malam Umaru.

Da aka gwada, ɗari da casa'in da takwas. Nas ɗin, Sista Bibiana, ta sake gwadawa a ɗaya hannun, sai ta fita da sauri. Wannan fitar tata ba zan manta da ita ba. Aka ba shi gado nan take, aka karɓi fitsari da jini.

Yanzu jira muke. Ya yi barci. Ina ta duban bakinsa.

Litinin, 7 ga Yuli

Babu jini a fitsarin. Ko ɗigo. Ƙodarsa lafiya.

Likita ta juya takardar gaba da baya, ta ce me yake ci a gida? Na fara lissafi, acca, wake, ganye. Sai idonta ya sauka a kan hannuna, gefen farcena duk ya rine. Ta ce, "Bitirut?" Na ce kofi biyu kullum. Sista Bibiana ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce launinsa ne yake fita a fitsarin wasu mutane, har a bayan gida, ba ciwo ba ne, in an daina sha kwana ɗaya biyu zai wuce. Ta ce abinci ne mai kyau, yana iya ɗan taimaka wa jini ya sauka, amma ɗan taimako ne. "Wancan awon mai kyau da kuka samu, ƙwayoyin ne suka yi yawancin aikin." Ta ce hawan jinin da aka bari ba magani shi ne yake lalata ƙoda. Sannan ta dubi Sebastian ta ce, "Baba, abin da ka ji tsoro ba komai ba ne. Abin da ka yi saboda tsoron, shi ne ya kusa kashe ka."

Ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya.

Na fita bayan ɗakin, wajen tankin ruwa, na yi kuka har wata mai jinya ta kawo mini kujera. Ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Laraba, 9 ga Yuli

Mun dawo gida. An canja masa ƙwaya ɗaya, ashe tana sa shi jiri, wannan ma bai taɓa faɗa ba.

Sauran bitirut uku na sayen ƙarshe suna cikin kwando. Na ɗauka zan watsa wa awakin layi, na fasa, na tura su ƙarƙashin tebur inda ba zan gan su ba.

Ni na faɗi maganar nan. A kan titi, ina murna. Kin ce? Na ce.

Alhamis, 10 ga Yuli

Zubaidatu ta zo. Da na ba ta labari ta yi salati ta zauna a ƙasa. "Wayyo Maman Peculiar, Malam ma haka ya yi da farko, muka yi ta dariya. Wallahi mantawa na yi in gaya miki." Har da hawayenta. Na ce ba laifinta. Ta ce Malam Umaru ko sau ɗaya bai taɓa fashin maganinsa ba, ita take ajiye masa kusa da buta.

Asabar, 12 ga Yuli

Peculiar ta gama. Mun faɗa mata duka, a waya, shi ya fara ni na ƙarasa. Ta ce, "Ku biyun nan, in na sake jin kun ɓoye mini abu." Ba ta ƙarasa ba ta kashe. Bayan minti goma ta sake kira tana kuka, ta ce a ba ta babanta.

Talata, 15 ga Yuli

Matan zumuntar cocinmu sun kawo mana na'urar awon jini, irin ta ɗaurawa a dantse. Yanzu safe da yamma. Ƙwayoyin kuwa, ina tsayawa a kansa har ya haɗiye, in ce buɗe baki. Yana buɗewa. Jiya har da ɗaga harshe ba tare da na ce ba, ban san ko wasa yake ko fushi ba.

Ɗari da hamsin da biyu.

Lahadi, 20 ga Yuli

Shi ya jawo kwandon daga ƙarƙashin tebur. Biyu sun yi laushi, ɗaya da sauransa. Ya ce likita ai ba ta hana ba, ƙaramin kofi ta ce, kuma bakinsa ya saba. Da kansa ya fere, ya ɓata mini riga da tawul. Ya raba biyu ya miƙo mini rabi. "Ke ma shekarunki sun kai."

Na sha. Da citta ba laifi.

Litinin, 21 ga Yuli

Ni ma jan ya fito mini. Da safe, a makaranta.

Na san mene ne. Likita ta faɗa, na ji da kunnena. Duk da haka sai da gabana ya faɗi, na dafa bango. Na minti ɗaya kawai.

Shi kuwa kusan sati uku yana ganin wannan. Shi kaɗai, kowace safiya, sannan ya fito ya ce mini ina kwana.

Da na dawo ban ce masa buɗe baki ba da yamma. Na ba shi, na juya ina kwashe kwanuka. Ina jin sa ya haɗiye. Ina ganin ya haɗiye.

Asabar, 2 ga Agusta

Sabon Gari, ni da Peculiar. Na ba Iya Kehinde labari ta riƙe ciki tana dariya, sannan ta daina, ta ce daga yau duk wanda ya saya sai ta gaya masa. Huɗu na saya. Peculiar tana so ta gwada shi a cikin kunun aya.

Ɗari da talatin da takwas yau. Na sa ya sake, ɗari da arba'in. Har yanzu in ya kira ni daga wani ɗaki sai na saurari yadda sunan ya fita kafin in amsa.

Litinin, 11 ga Agusta

Ya koma Chikaji yau, likita ta yarda, rabin yini, ban da ɗaga ƙarfe mai nauyi. Abdulrahim ya yi alkawarin sa ido.

Ya ce zai dawo ƙarfe biyu. Na tuƙa tuwo, na yi miyar ganyen bitirut da gyaɗa. Biyu ta wuce, uku ta wuce. Aka tsuge da ruwa. Sai huɗu da rabi ya shigo, jiƙe sharkaf, yana wari irin na ƙarfen da aka ƙona, wai sun tsaya gardamar ƙwallo ne ruwa ya tare su.

Na yi masa faɗa sosai. Tuwo ya sandare, miya na ɗumama sau biyu, mutum da waya a aljihu. Yana ci ina yi. Peculiar tana ta kallona tana murmushi, na ce ke kuma lafiya? Ta ce ba komai.

Sai da nake wanke tukunya na lura. Awa biyu da rabi. Haushin tuwo na yi ta ji, ba tsoro ba.

Gobe in an samu rana zan shanya katifu.